Ranar Da Na Hana A Kwantar Da 'Yar Malam

Kun sha tambayata abin da ya sa nake faɗa idan na shigo ɗaki na tarar an kwantar da mai haki a miƙe. Na kuma san wasunku suna ce min Sista Ɗaga-kai a bayan idona, kada ku zaci bai zo kunnena ba. To ku gyara zama. Akwai wata Talata ta tsakiyar damina da ban taɓa mantawa da ita ba, ba na kuma jin zan manta da ita har ƙasa ta rufe min ido.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin gwamnati a ƙasar Jahun, ta ɓangaren da ya kalli Kiyawa. Ban daɗe da fitowa daga makarantar koyon aikin jinya ba, ina matakin farko, matakin da duk aikin da manya suka ƙi naka ne. Likita ɗaya gare mu, Dakta Sabo. Shi ne na mata, shi ne na yara, shi ne na wanda sa ya tunkuya. Ba mu da na'urar ɗaukar hoton zuciya. Ƙa'idarmu ita ce, idan ciwo ya fi ƙarfinmu, likita ya ba da taimakon farko, ya buga waya babban asibiti a Dutse su san da zuwanmu, sannan a sa mara lafiya a motar asibiti tare da ma'aikacin jinya guda da 'yan'uwa biyu. Rakiyar nan kowa gudunta yake yi, ni kuwa na fi kowa, don ni ko adaidaita sahu na hau sai na ƙarar da duk addu'ar da na haddace.

Bayan azahar aka shigo da ita, mata biyu sun riƙe ta. Sunanta Rukayya, mai jego ce, haihuwar fari, ta kusa yin arba'in. Mahaifinta Malam Haruna ne, mai babbar makarantar allo a garin, wanda yaro da babba ke kira Alaramma. Mijinta yana can Kano wajen nema, ita kuwa ta zo gida wanka kamar yadda aka saba. Mai yi mata wankan yayar Malam ce, Goggo Dije, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin baki, wadda ta riƙe Rukayya tun daga yaye.

Na nuna mata gado, ta girgiza kai. Ta zauna a bakinsa, ta dafa gwiwoyinta, tana jan numfashi da kafaɗu. Gumi ya jiƙa ta, amma da na taɓa hannunta sai na ji shi sanyi ƙalau. Leɓɓanta sun yi duhu. Ƙafafunta sun kumbura har cinya, na danna da babban yatsa, gurbin ya zauna kamar an danna malmalar tuwo.

Goggo ta ce, "Jegon ne ya karɓe ta, 'yar nan, ba wani abu ba. Duk wanda ya zo barka sai ya yaba yadda ta yi ɓulɓul. Ban taɓa tsallake mata wanka ba, safe da yamma, ruwan ma sai ya tafasa. Kunun kanwa kuwa sai ta ce ya ishe ta. Duk da haka sanyi ya samu kafa ya shige ta. Kwanakin nan ko kwanciya ba ta iya yi, a jingine da bango take barci. Ku dai yi mata ƙarin ruwa, za ta miƙe."

Dakta Sabo ya ɗora mata abin sauraron ƙirji a baya, ya daɗe yana ji, sannan ya miƙo min ya ce in saurara. Ƙarar da na ji kamar an watsa gishiri a wuta, tun daga ƙasan huhu har kusa da kafaɗa. Ya juya wajen tsohuwar ya ce, "Goggo, ai ruwan ne ya yi mata yawa. In na ƙara mata ko leda guda, na gama da ita."

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba 'yan jinya ba a cikinku. Zuciya tsoka ce, aikinta ta matsa ta tura jini ya zagaya jiki. Wani lokaci, musamman ga mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, tsokar nan takan yi rauni, ta saki, ta kasa matsawa da ƙarfi. Sai jini ya riƙa taruwa a baya, ruwansa ya tsattsafo cikin ƙafafu da ciki da huhu. Kumburin da Goggo ta ɗauka ƙiba ce, ruwa ne. Likitoci ba su ce kanwa da ruwan zafi su kaɗai ke kawo ciwon ba, amma zuciyar da ta riga ta gaji, gishirin kanwa da zafin wanka ƙarin kaya ne a kanta. Muddin irin wannan mara lafiya tana zaune, ruwan yana kwantawa a ƙasan huhu, saman ya samu wurin shan iska. Tana kwanciya sai ya bazu ya rufe ko'ina. Mutum ya nitse a kan busasshen gado, kana kallonsa.

Duk wannan abin da ake, Malam bai shigo ba. Yana tsaye a gindin darbejiyar da ke bakin ɗakin, da carbi a hannu. Na san dalili ba tare da an faɗa min ba, don gidanmu ma haka ake: Rukayya 'yar fari ce. Irin waɗannan dattawa ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa ɗaukarsa, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Shi ya sa ma aka ba Goggo ita tun tana ƙarama. Da likita ya fita wajensa, abin da ya ce kawai shi ne, "Likita, me ke damun yarinyar tasu?" Aka yi masa bayani, aka ce sai Dutse. Ya ce, "A yi abin da ya kamata. Allah ya sa a dace."

Muka sa mata robar iska a hanci da baki, likita ya yi mata allurar da ke sa jiki ya fitar da ruwa ta fitsari, muka sa mata robar fitsari da jakarta don mu ga ko allurar ta ci. Jakar nan ko cokali biyu ba ta tara ba. Ya ba ni wata allurar in riƙe saboda hanya, ya ja ni gefe.

"Hadiza, abu ɗaya zan gaya miki. Kada ki bari ta kwanta. Ko sama da ƙasa za su haɗe, a zaune za ki kai ta."

Na ce to. A raina kuwa ina cewa wannan ai mai sauƙi ne.

Gadon motar asibiti kansa yana wajen direba, ƙafa wajen ƙofar baya, saboda haka wanda aka zaunar a kai bayansa yake ba direba, fuskarsa na kallon hanyar da aka baro. Yana da majingini da ake ɗagawa a maƙale. Muka ɗaga shi, muka jingina Rukayya. Ni da Goggo muka shiga baya, Malam ya zauna gaba kusa da direbanmu, Malam Isa. An bar jaririn a gida wajen kakarsa.

An yi ruwa da safe, hanya duk ramuka cike da taɓo. Ba mu yi nisa ba motar ta faɗa wani rami, maƙalin majinginin ya kuɓuce, ya faɗi warwas. Da ƙyar na tare ta kafin bayanta ya kai ƙasa. Na mayar da shi, ya sake faɗuwa, ashe haƙorin ƙarfen ya cinye. Sai na durƙusa a gefenta, na sa kafaɗata da hannu ɗaya na tokare bayanta, ɗaya hannun na riƙe mata robar iska. Rukayya ba ƙarama ba ce, ga nauyin ruwa. Kafin mu kai Kiyawa hannuna ya mutu murus, cinyoyina suna rawa. Ina jin bugun zuciyarta a jikina, da sauri, ba ƙarfi, kamar na ɗan tsako.

Mun wuce Kiyawa mun miƙi hanyar Dutse, abin ya rikice. Ta fara tari, kumfa mai ja-ja ta cika robar. Na cire na share, wata ta sake fitowa. Numfashinta ya koma gurnani, idanunta suka fara juyewa. Lokacin allura ta biyu ya yi, amma allura tana son hannu biyu, ni kuwa in na saki bayanta ta tafi.

"Goggo, ku zo ku tare min ita."

Goggo ba ta ji ni ba. Ta ga kumfar nan, ta ga idanun, ta fara salati. Ta kama kafaɗar Rukayya tana janta ƙasa. "Sake ta, 'yar nan, sake ta ta huta. Tafiya ce ta zo." Ina ja tana ja. Da ta ga na ƙi, sai ta shiga dukan gilashin da ke tsakaninmu da gaba tana kiran ƙaninta. Na ɗaga murya na ce wa Malam Isa kada ya tsaya. Amma wa zai ji maganata ya bar ta Alaramma? Na ji motar ta rage gudu, ta gangara gefen titi, ta tsaya.

Ƙofar baya ta buɗe. Malam ya tsaya a nan, gonakin gero a bayansa. Ya kalli 'yarsa kallo ɗaya, ya kawar da kai. Mutum ne da ya zauna a kan masu cikawa ba adadi, shi ake kira a garinsu idan rai ya zo gargara, ya san kamannin abin. Muryarsa ba ta ko girgiza ba.

"Malama, kin yi iya ƙoƙarinki, Allah ya saka miki. A kwantar da ita a gefen dama, a fuskantar da ita alƙibla. Zan laƙƙana mata kalmar shahada."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma tsoron biyu ne. In na bi maganarsa, na san abin da zai faru kafin ya gama karanta abin da zai karanta, kuma da hannuna za a yi. In na ƙi, ta cika a hannuna a zaune, to ni ce yarinyar da ta hana malami ya yi wa 'yarsa gata na ƙarshe, don kawai ta sa farar riga. Wannan magana za ta bi ni har gidanmu, ni kaina ba zan yafe wa kaina ba. Ga shi an tashe mu a kan cewa ba a musu da babba, balle malami.

Goggo ta sake kai hannu. Sai na ji kaina ina magana.

"Allah ya gafarta Malam, ku yi min haƙuri. Ba zan kwantar da ita ba."

Ya dube ni. Malam Isa da ya zagayo ya tsaya a bayansa ya sunkuyar da kai.

"Huhunta cike yake da ruwa. Zaman nan ne ya bar mata ɗan wurin da take numfashi. Tana kwanciya zai rufe."

"Kin tabbata za ta rayu in an bar ta haka?"

"Rai na Allah ne, Malam, ban tabbata ba. Abin da na tabbata shi ne, a kwance ba za ta ga Dutse ba."

Goggo ta ce, "Kana jin yarinyar nan? Za ta sa ta cika kamar wadda ba ta da kowa."

Gurnanin Rukayya na cikin kunnena. Sai na ga Malam ya leƙa ta gefen motar. La'asar ta yi, rana ta fito daga ƙarƙashin gajimare, tana daidai gaban motar. Ya dubi ranar, ya dubi inda inuwar motar ta faɗa, ya dubi inda fuskar 'yarsa take kallo.

"Yaya Dije, ai ga gabas nan a bayana. Tana fuskantarta tun ɗazu." Ya ɗan tsaya. "Wanda ya kasa tsayuwa ma a zaune yake salla."

Na ce, "To Malam, hannuna ya gaji, kuma dole in yi mata allura yanzu. Goggo ba za ta iya nauyinta ba. Sai an samu mai zama a bayanta ya riƙe ta."

Na faɗi haka ne ina nufin ya ba Malam Isa izini, na manta cewa in Malam Isa ya riƙe ta ba mai tuƙi. Malam ya gane kafin ni. Ya cire takalmansa kamar mai shiga ɗaki, ya tattare babbar rigarsa, ya hawo. Ya raɓa ta gefena ya zauna a kan gadon ta bayanta, ya jingina da bangon motar, ya sa hannuwansa ta ƙarƙashin hammatarta ya jawo ta ƙirjinsa. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya ce, "Isa, ja mu tafi."

Na yi allurar. Na ƙara ƙarfin iskar. Malam yana karatu a hankali a saitin kunnenta, ba ya kallon kowa. Ni kuwa idona biyu ne, ɗaya a ƙirjinta, ɗaya a jakar fitsari. Jaka shiru. Ma'aunin tukunyar iska yana ta sauka. Na tuna cewa ni na ce a yi haka, in ta tafi yanzu a ƙirjin mahaifinta za ta tafi, a kan maganata.

Can sai kanta ya langaɓe. Numfashin ya fara nisa da juna. Na kira ta, na bubbuga kumatunta, na murza mata ƙashin ƙirji kamar yadda aka koya mana. Ko motsi. A irin wannan hali ana so mara lafiya ya farka ya yi ta kokawa da numfashin, in ya saki shi ke nan. Na kira har muryata ta dishe. Cikin ruɗewa na manta da wa nake magana.

"Malam, ku kira ta. Ba ta ji na."

Karatun ya tsaya. Ya ce, "Ke." Ba ta motsa ba. Ya ce, "Ke yarinya." Shiru. Sai ya runtse ido, ya kai bakinsa kunnenta.

"Rukayya. Rukayyatu. Ni ne, buɗe idonki."

Wallahi ta buɗe. Ba sosai ba, amma ta buɗe, ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta yi tari, ta sake ja. Daga cikin mayafi na ji Goggo ta fashe da kuka. Shi kuwa bai daina ba. Duk lokacin da kanta ya fara sauka sai ya sake kira, kamar yana biyan na duk shekarun da suka wuce.

Duwatsun Dutse sun fara bayyana ta tagar gefe lokacin da na ga robar fitsari ta ɗauki launi. Ɗigo, ɗigo, sai ya miƙe. Ku yi dariya in kun ga dama, amma ko ranar aurena ban yi murnar da na yi da ganin fitsarin nan ba. Amma tsoro bai sake ni ba tukuna. Na san allura ta ci, ban san ko zuciyar za ta jira ba.

Mun isa kafin magariba. Ma'aikatan sashen gaggawa suna jira da gado, na ce musu a zaune, suka ce sun sani. Da aka zo karɓarta sai da na ɓamɓare yatsun Malam ɗaya bayan ɗaya, sun sandare. Gaban rigarsa duk gumi da kumfa. Ya sauko yana dube-dube a ƙasa, sai a lokacin muka tuna takalmansa suna can gefen titi bayan Kiyawa. Haka Alaramma guda ya tsaya a farfajiyar asibiti ba takalmi, har Malam Isa ya cire nasa ya ba shi.

Washegari aka yi mata hoton zuciya. Likitan zuciyar ya gaya wa Dakta Sabo ta waya cewa zuciyar ta buɗe ta yi girma, da ƙyar take motsi. Ta daɗe a asibiti. An sallame ta da ƙwayoyin da za ta yi ta sha, aka hana ta kanwa, aka rage mata gishiri, aka kira mijinta aka gaya masa kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ya ga zuciyar ta dawo, in za ta dawo. Ba a yi musu alkawarin komai ba. Goggo ta yi makonni ba ta gaishe ni, daga baya kuma ita ce take turo min masu jegon unguwarsu da ta ga ƙafarsu ta fara hawa.

Asibitinmu Rukayya take zuwa awo da karɓar magani. Malam yakan rako ta, ya tsaya a gindin darbejiyar nan, in na fita gaishe shi ya ce, "Malama, yaya kika ga jikin yarinyar tasu?" Wata rana ina ɗaura mata abin awon jini na tsokane ta, na ce ko ta tuna tafiyar. Ta ce ba ta tuna motar ba, ba ta tuna ni ba.

"Abu ɗaya na tuna, Sista. Na ji Baba yana kiran sunana. Na ce to lallai na mutu, don a duniya dai ban taɓa jin sa a bakinsa ba. Shi ne na buɗe ido in ga inda aka kai ni."

"Yanzu fa, yana kira?"

Ta yi murmushi. "Ina. Tun daga ranar bai sake ba. Ni ma ba na so ya sake, don na san abin da zai sa shi."

Abin da wannan rana ta koya min ke nan game da aikin nan da mutanenmu. Ba wanda ya so Rukayya kamar Goggon da ta ɗura mata kanwa, ba wanda ya so ta kamar uban da ya ce a kwantar da ita. A aikin nan ba da maƙiyan mara lafiya za ku yi ta fama ba, da masoyansa ne, kuma yawancinsu sun haife ku. Tsoron kuwa ba ya ƙarewa, har yau in na ji wannan gurnanin sai ranar nan ta dawo min. Saboda haka idan aka kawo muku mai haki da kumburin ƙafa, ku ɗaga mata kai. Duk girman wanda ya ce ku kwantar da ita, ku durƙusa, ku ba shi haƙuri, ku gaya masa gaskiyar abin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Amma kada ku saki kafaɗarta sai kun samu wanda zai karɓa.